Matsalar Allon Kwamfutar Tafi-da-gidanka Bayan An Sa Sabon Direban Hoto

1.0 Gabatarwa

Abu ne da ya sha faruwa a ofisoshin gwamnati da ɗakunan kwanan ɗalibai, mutum ya kwana da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka lafiya lau, bayan ya sa mata wata sabuwar manhaja da aka ce za ta ƙara wa hoto kyau, ko kuwa ita da kanta ta jawo manhajar daga intanet cikin dare, da gari ya waye ya kunna sai ya tarar da allo baƙi ƙirin. Fanka tana juyawa, 'yan fitilun jikinta suna ci, amma ba rubutu ba hoto. Wani lokaci kuma allon yakan kawo, sai dai ya riƙa ƙyaftawa, ko rubutu ya kumbura ya cika wuri, ko haske ya kafe ya ƙi ƙaruwa ya ƙi raguwa. In aka yi rashin sa'a, a cikin wannan kwamfuta ne kundin digirin ɗalibi yake, saura kwana uku ya miƙa, ko kuwa lissafin kasafin kuɗin ma'aikatar da za a haska wa babban sakatare da majigi ran Litinin.

Abin da galibin mutane kan yi a nan shi ne su yanke hukunci cewa gilashi ya mutu, su saɓi kwamfuta su nufi kasuwa. Idan ba a dace da mai gyara na kirki ba, ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai a canja allon da kuɗi masu yawa alhali ciwon yana nan daram, ko kuwa a goge kwamfutar gaba ɗaya a sake ɗora mata Windows, allo ya dawo, amma aikin shekara biyu ya bi ruwa. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ɓacin allon da ya biyo bayan sa direban hoto yana da hanyar bincike mai tsari, wadda ɗalibi ko ma'aikaci zai iya bi da kansa ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma ba tare da ya yi asarar takardunsa ba. Za a fi mai da hankali a kan Windows, domin ita ce ta fi yawa a hannun jama'a.

2.0 Ma'anar Kalmar Direba

Kalmar direba ta daɗe da shigowa Hausa daga Ingilishi da ma'anar mai tuƙa mota. Masu gyaran kwamfuta sun sake aro ta karo na biyu da wata ma'ana daban, watau ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja, kamar Windows, da wani sashe na ƙarfen kwamfuta. Akwai direban sauti, akwai na na'urar buga takarda, akwai na intanet, akwai kuma na hoto, wanda shi ne abin magana a nan.

Idan aka lura da aikinsa, za a ga ya fi kama da na tafinta. Windows tana da harshe ɗaya da take ba da umurni da shi, cewa a zana kaza a wuri kaza. Injin zane kuwa, watau ɗan guntun ƙwaƙwalwar da ke lissafin hoto, kowane kamfani da irin harshen da nasa yake ji, kuma ko a kamfani ɗaya injin bana ba lalle ne ya ji harshen na shekara goma da suka wuce ba. Direba shi ne ke tsaye a tsakani yana fassara. Duk wanda ya taɓa halartar shari'ar da aka yi ta bakin tafinta ya san cewa alƙali yana iya zama adali, mai ƙara kuma yana da gaskiya, amma in tafinta ya karkatar da magana hukunci ya ɓaci. Haka abin yake a nan. Windows lafiyarta ƙalau, allo lafiyarsa ƙalau, amma hoto ya ƙi fitowa saboda an kawo tafintan da bai iya harshen injin ba.

Kamfanoni uku ne suka fi shahara wajen ƙera injin zane na irin waɗannan kwamfutoci: Intel, da Nvidia, da kuma AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI a 2006.

3.0 Hanyar Da Hoto Ke Bi

Kafin a iya gano inda ciwo yake, dole a san zangon da hoto ke yadawa kafin ya iso ido. Zango na farko manhajar da mutum ke aiki da ita, kamar ta rubutu ko ta kallon bidiyo. Ita ce ke gaya wa Windows abin da take so a nuna. Windows ta miƙa wa direba, direba ya fassara wa injin zane, injin zane ya lissafa launin kowane ɗigo, sa'an nan ya tura ta wata siririyar waya da ta ratsa ta gaɓar da murfin kwamfuta ke lanƙwasawa, har zuwa allo. A bayan allon kuma akwai fitilar da ke haska shi, domin gilashin yawancin waɗannan kwamfutoci ba ya ba da haske da kansa.

Aikin ba ƙarami ba ne. Allon da aka ce 1366 sau 768 ne yana da ɗigo 1,049,088. Wanda aka ce 1920 sau 1080 ne yana da ɗigo 2,073,600, kuma galibi ana sabunta su sau 60 a kowace daƙiƙa. Shi allon yana ɗauke da ɗan bayanin kansa, wanda ake kira EDID, bisa ƙa'idar da ƙungiyar VESA ta fito da ita a 1994. A ciki ne yake shaida wa direba yawan ɗigonsa da saurin da zai iya ɗauka. Idan direba ya karanta wannan bayani ba daidai ba, sai ya aika da hoton da allon ba zai iya karɓa ba.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da kwamfutar tafi-da-gidanka. Da yawa daga cikinsu injin zane biyu gare su. Tun daga 2010 kamfanin Intel ya fara haɗa ƙaramin injin zane a jikin babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai cin batir kaɗan. A wannan shekara kuma Nvidia ya fito da tsarin da ya kira Optimus, inda babban injin zane ke barci sai aiki mai nauyi ya zo a tashe shi. A irin wannan tsari, allon yana haɗe ne da ƙaramin injin, ko da babban ne ya yi lissafi sai ya miƙa wa ƙaramin ya isar. Ke nan tafinta biyu ne ke aiki tare, in aka canja ɗaya aka bar ɗaya suna iya saɓawa.

4.0 Dalilan Da Ke Sa Direba Ya Ɓata Allo

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Dalilan da aka fi gani guda biyar ne.

Na farko, sa direban da ba na injin ba, ko wanda ba na wannan zubin Windows ba. Wannan ya fi yawa a kwamfutocin tokumbo, waɗanda aka ƙera su a zamanin Windows 7 amma aka ɗora musu Windows 10 ko 11 kafin a sayar. Alal misali, injin Intel HD Graphics 3000 na 2011, kamfanin Intel bai sa shi cikin waɗanda ya yi wa direban Windows 10 ba.

Na biyu, barin direban kamfanin da ya harhaɗa kwamfutar a ɗauko na kamfanin da ya ƙera injin zane. Kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo sukan karɓi direba daga Intel ko AMD su yi masa gyare-gyare don ya dace da allonsu, da maɓallan haskensu, da yadda suka haɗa injinan biyu. Saboda haka ne shekaru da dama direban Intel na gama-gari yakan ƙi hawa irin waɗannan kwamfutoci, ya ce ba a tantance shi dominsu ba, har sai a 2020 da kamfanin ya sassauta wannan ƙa'ida ga sababbin injinansa.

Na uku, ragowar tsohon direba da ba a kwashe ba, wadda ke cakuɗewa da sabo. Na huɗu, katsewar aiki ana tsakiyar sawa, kamar a ɗauke wuta alhali batir ya riga ya mutu, ko intanet ta yanke fayil bai gama sauka ba. Wannan dalili yana da ƙarfi a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Na biyar, kuskure daga kamfanin da ya rubuta direban, domin su ma 'yan Adam ne. Takardun Microsoft da suka fito fili a wata shari'a a Amurka cikin 2008 sun nuna cewa, daga cikin faɗuwar Windows Vista da aka ƙididdige a wani lokaci na 2007, kusan kashi 29 cikin 100 direbobin Nvidia ne sanadinsu. A watan Maris na 2010 kuma kamfanin ya janye direbansa mai lamba 196.75, saboda yana hana fanka juyawa yadda ya kamata, injin ya yi ta zafi. Wannan ya isa ya nuna cewa sabo ba kullum ne ya fi tsoho ba.

5.0 Rarrabe Ciwon Ƙarfe Da Ciwon Manhaja

Tambayar farko da mai bincike zai yi wa kansa ita ce, mene ne abu na ƙarshe da ya canja kafin allo ya ɓaci? Idan kwamfutar faɗuwa ta yi, ko ruwa ya zube mata, zargi yana kan ƙarfe. Idan kuwa direba aka sa, ko Windows ta sabunta kanta, zargi yana kan manhaja. Amma zargi ba hujja ba ne, sai an gwada. Ga gwaje-gwaje huɗu waɗanda ba su cin ko kwabo.

Gwajin tambari. Idan aka kunna kwamfuta, tambarin kamfanin da ya yi ta yakan bayyana tun kafin Windows ta tashi, watau tun kafin a kira direba bakin aiki. In tambarin ya fito tsaf, sai bayan ɗan lokaci allo ya yi baƙi, to gilashi da waya da fitila duk suna aiki. Don a ƙara tabbatarwa, ana iya shiga shafin BIOS, wanda ba ruwansa da direban Windows: a Dell da maɓallin F2, a HP da F10, a ThinkPad na Lenovo da F1, ana dannawa da zarar an kunna. Idan wannan shafi ya zauna daram na 'yan mintoci ba ƙyaftawa ba zane-zane, ba dalilin sayen sabon allo. Kwamfutocin Dell ma suna da gwajin allo na kansu, a danne harafin D sa'an nan a kunna, allo zai riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin tocila. A ɗaki mai duhu, a haska tocila dab da allon da ya yi baƙi, a duba ta gefe. Idan aka hango hoto dishi-dishi, to hoto yana isowa, fitilar baya ce ba ta ci. Wannan yana iya zama mutuwar fitila, yana kuma iya zama direba ne ya rage haske har ƙarshe, saboda haka sai a haɗa shi da gwajin tambari.

Gwajin allo na biyu. A haɗa kwamfutar da talabijin ko majigi ta wayar HDMI. In hoto ya fito a can lafiya, to Windows da injin zane suna raye. A nan ya kamata a danna maɓallin Windows tare da harafin P, domin wani lokaci sabon direba yakan ɗauka akwai allo na biyu ya tura hoto can, ya bar na jikin kwamfutar a duhu. Sai dai a kula, a wasu kwamfutoci masu injin biyu ramin HDMI yana haɗe ne da babban injin, allon kuma da ƙaramin, don haka wannan gwaji shi kaɗai ba ya wanke kowa.

Gwajin murfi. A riƙa buɗe murfin ana rufewa sannu a hankali. Idan hoto yana zuwa yana ɗaukewa gwargwadon motsin murfi, siririyar wayar nan ce ta gaji, kuma babu direban da zai warkar da ita.

Ga mai fama da ƙyaftawar allo akwai ƙarin gwaji da Microsoft da kansa ya bayar. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, don a buɗe Task Manager. Idan shi ma yana ƙyaftawa tare da sauran allo, mai yiwuwa direba ne. Idan kuwa shi ya tsaya cik sauran wuri na rawa, wata manhaja ce daban ke ta da hankali, sai a nemo ta a cire.

6.0 Matakan Magani

Ƙa'idar a nan ita ce a fara da magani mai sauƙi, kada a tsallaka zuwa mai tsanani sai na baya ya kasa.

6.1 Farfaɗo da direba

A Windows 10 da 11, idan aka danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da harafin B gaba ɗaya, za a ji ɗan ƙara, allo ya ƙyafta, Windows ta sake tsokano direba. Wannan ba ya taɓa aikin da ke buɗe. Ita Windows ma takan yi irin haka da kanta. Tun daga Windows Vista, idan injin zane ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai ta tashe shi daga farko, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo. In abin ya maimaitu fiye da sau 5 cikin minti ɗaya, sai ta haƙura ta tsaya cak, ta nuna shafin kuskure, wanda aka sani da launin shuɗi kafin a mai da shi baƙi a Windows 11 cikin 2025. Wannan shafi yana da amfani ƙwarai, domin sau da yawa yakan ambaci sunan mai laifi. In an ga nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na Intel ne, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys kuwa na AMD ne. Ya kyautu a ɗauki hotonsa da wayar hannu.

6.2 Shiga Safe Mode

Safe Mode wani yanayi ne da Windows ke tashi da kayan aiki kaɗan, ta ajiye direban kamfani gefe ta ɗauko nata na ko-ta-kwana. Tun daga Windows 8 ta 2012 sunan wannan direba Microsoft Basic Display Adapter. Tafinta ne mai 'yan kalmomi kaɗan, amma kusan kowane injin zane yana jin sa. Da shi rubutu yakan yi girma, maɓallan haske su daina aiki, allo na biyu ya ƙi kawowa, amma dai ana gani. Saboda haka duk wanda ya ga waɗannan alamu uku a kwamfutarsa, ya duba ko direbansa na ainihi ne ya sauka.

A Windows 7 ana shiga ta danna F8 yayin kunnawa. A na bayanta an daina wannan. Idan allo yana ɗan nunawa, a danne Shift a zaɓi Restart. Idan kuwa baƙi ne ƙirin, a kunna kwamfutar, da zarar tambari ya bayyana a danne maɓallin wuta har ta mutu, a maimaita haka sau biyu, a kunnawa ta uku za ta shiga shafin gyara da kanta. Daga nan sai a bi Troubleshoot, da Advanced options, da Startup Settings, da Restart, sa'an nan a danna lamba 4.

Akwai gargaɗi a nan, musamman ga ma'aikatan gwamnati. Kwamfutocin ofis da yawa, da sababbi na kasuwa, an kulle rumbun ajiyarsu da tsarin BitLocker, kuma shafin gyara yana iya neman mabuɗi mai lambobi 48 kafin ya ba da hanya. Wannan mabuɗi yakan kasance a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko a hannun sashen kula da kwamfutoci na ma'aikata. A neme shi tun da sauran lafiya.

Idan allo ya nuna daidai a Safe Mode, hujja ta ƙara ƙarfi a kan direba. Abu na farko da za a yi a nan, tun kafin a taɓa komai, shi ne a kwafe muhimman takardu zuwa filashi.

6.3 Komawa ga tsohon direba

Da tsohuwar zuma ake magani. A danna maɓallin Windows da harafin X, a zaɓi Device Manager, a buɗe Display adapters. Nan za a ga sunan injin zane, ɗaya ko biyu. Idan akwai alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a jikinsa, Windows tana kuka da shi ke nan, kuma lambar kukan da aka fi gani ita ce 43, wadda ke nufin an dakatar da na'urar saboda ta ba da rahoton matsala. A danna sunan sau biyu, a shiga shafin Driver, a zaɓi Roll Back Driver. Windows za ta mai da direban da yake aiki a da. In maɓallin ya dushe ya ƙi dannuwa, to ba ta ajiye tsohon ba. A nan sai a gwada System Restore daga shafin gyara, wanda ke mai da manhajoji da direbobi yadda suke a wata rana ta baya, ba tare da ya taɓa takardun mutum ba, muddin dai an kunna shi tun farko.

6.4 Cirewa da sake sawa

Idan komawa baya ta faskara, sai a cire direban ɗungurungum. A wannan wuri na Device Manager a zaɓi Uninstall device, a sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a goge manhajar direban ita ma. Masu gyara sukan yi amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, wadda ke share ragowar da Windows ke bari, kuma an fi so a yi aiki da ita a Safe Mode. Kafin a sake kunnawa a yanke intanet, in ba haka ba Windows za ta riga mutum, ta sake jawo direban da ya kawo ɓarnar.

Direban da za a sa, a fara neman sa a shafin kamfanin da ya harhaɗa kwamfutar, ta amfani da lambar da ke rubuce a ƙarƙashinta, a kuma saukar da shi tun kafin a cire tsohon, ko da da wata kwamfutar ce. Sai in kamfanin ba shi da wanda ya dace ne za a nufi shafin Intel ko Nvidia ko AMD. Wanda bai san injin da ke cikin kwamfutarsa ba, ya duba Hardware Ids a shafin Details: lambar 8086 ta Intel ce, 10DE ta Nvidia, 1002 ta AMD. A kwamfuta mai injin biyu a fara sa direban ƙaramin injin, a sake kunnawa, sa'an nan a sa na babban. Duk wannan aiki a yi shi caja tana jone, batir kuma da caji.

Bayan allo ya dawo, ana iya dakatar da sabuntawar Windows har tsawon kwana 35, ko a shiga Device installation settings a hana ta sauko da manhajojin na'urori da kanta. Idan ƙyaftawa ce kawai ta rage a injin Intel, akwai wani tsarin tattalin batir mai suna Panel Self Refresh, wanda kashe shi a manhajar saitin hoto ta Intel kan kawar da matsalar a wasu kwamfutoci.

Masu amfani da Linux su ma sukan gamu da baƙin allo bayan sa direban Nvidia. Hanyarsu ita ce su ƙara kalmar nomodeset a layin tashin kwamfuta, ko su danna Ctrl da Alt da F3 su samu shafin rubutu zalla, daga nan su cire direban. Kwamfutocin Apple kuwa direbansu yana zuwa ne a cikin babbar manhajar, mai kwamfuta ba ya sa shi daban.

7.0 Sa'ad Da Laifin Ba Na Direba Ba Ne

Adalci ya wajaba ko ga tafinta. Akwai ciwon ƙarfe mai shigar burtu, wanda ke ɓuya har sai an sa direba. Dalili kuwa shi ne direban ko-ta-kwana ba ya wahalar da injin zane, amma da zarar direba na ainihi ya hau ya ce a yi aiki da ƙarfi, injin da ya riga ya raunana sai ya faɗi. Mai kwamfuta ya ga kamar direba ne ya kashe ta, alhali tona asiri kawai ya yi.

Tarihi ya nuna misalin haka. A 2008 Nvidia ya amsa cewa wasu injinan zanensa na kwamfutar tafi-da-gidanka suna mutuwa fiye da kima, saboda raunin kayan da aka liƙa su da shi, wanda ba ya jure zafi da sanyi a kai a kai. Abin ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple masu injin GeForce 8400M da 8600M, har kamfanin ya ware dala miliyan 196 don biyan gyara. A watan Fabrairu na 2015 kuma Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga wasu MacBook Pro na 2011 zuwa 2013 masu irin wannan ciwo na hoto.

Alamomin da ke nuna haka su ne: zane-zane ko ɗige-ɗige masu launi tun a shafin BIOS, da fitowar irin wannan ɓarna a allo na biyu, da dawowar lambar 43 bayan an gwada direbobi biyu ko uku mabambanta, da kuma ɓacin hoto duk lokacin da kwamfuta ta ɗau zafi. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka tana ƙara wa wannan ciwo ƙarfi. Idan aka kai nan, aikin ya fi ƙarfin mai kwamfuta, sai a nufi mai gyara. Amma wanda ya je da bayanin gwaje-gwajen da ya yi, da hoton shafin kuskure, da takardunsa a filashi, da wuya a sayar masa da allon da ba ya bukata.

8.0 Rigakafi

Abu uku sun isa. Na ɗaya, direban da ke aiki lafiya a ƙyale shi, sai in akwai matsalar da ake so a warware, ko kamfani ya ba da sanarwar gyaran tsaro. Garin neman gira akan rasa ido. Musamman a guji manhajojin nan da ke tallan cewa za su sabunta dukan direbobi da dannawa ɗaya, domin ba su san gyare-gyaren da kamfanin kwamfutar ya yi ba. Na biyu, kafin a sa sabon direba a rubuta lambar tsohon, a kafa zangon System Restore, a kwafe takardu. Na uku, a zaɓi lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka daren da za a wayi gari a kare kundi ko a gabatar da kasafi ba daren gwajin direba ba ne.

Ya kamata kuma a sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kamfanonin injin zane su ma sukan daina yi wa tsofaffin injinansu sabon direba. Don haka mai tsohuwar kwamfuta ya adana fayil ɗin direban da ya san yana yi masa aiki, a wuri na daban.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hoto yana bin zango-zango kafin ya iso ido, kuma direba tafinta ne a tsakiyar hanyar. An ga yadda tambarin farko, da tocila, da allo na biyu, da motsin murfi ke raba ciwon ƙarfe da na manhaja, da kuma yadda ake bin magani daga farfaɗowa zuwa Safe Mode, zuwa komawa ga tsohon direba, zuwa cirewa da sake sawa. Goge kwamfuta gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma a mafi yawan matsalolin direba ba a kaiwa gare shi. Ɗalibi ko ma'aikacin da allonsa ya yi baƙi, abin da ake nema gare shi shi ne ya natsu, ya tuna abin da ya canja jiya, ya ceci takardunsa, sa'an nan ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya.